Jagorar ziyartar ƙasar Cherokee ta Qualla: hanya, kuɗi, sayayya da abin kiyayewa

'Yan'uwa mazauna Atlanta da Charlotte da Raleigh, da ɗaliban da ke neman inda za su sha iska idan an rufe makaranta, sun sha tambayar yadda ake zuwa garin Cherokee da ke tsaunukan yammacin jihar North Carolina: ta wace hanya, da nawa, a wane wata. Waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuyar ita ce yadda baƙo zai bambance abin da yake na mutanen wurin da tarkacen da aka jibge a bakin titi don masu yawon buɗe ido. Mutum na iya kwana uku a garin, ya dawo da jaka cike da tsaraba, alhali ko sisinsa bai shiga hannun masaƙiya ko masassaƙi ɗan ƙabilar ba. An jera matakan nan ne yadda kowanne zai share wa na gabansa hanya, don haka a bi su a jere.

1. Tantance wace Cherokee ake nufi

Ƙabilun Cherokee uku gwamnatin tarayyar Amurka ta amince da su. Biyu suna Oklahoma, da hedikwata a Tahlequah. Ta ukun, Eastern Band of Cherokee Indians, ita ce ta North Carolina, zuriyar waɗanda suka tsira daga korar da aka yi wa 'yan'uwansu zuwa yamma a 1838. Mutum kusan 16,000 ne a rajistarta. Ƙasarta ita ce Qualla Boundary, eka kusan 56,000, mafi yawanta a gundumomin Swain da Jackson. Ba kyauta aka ba su ƙasar ba. Sayenta aka yi a ƙarni na 19, gwamnatin tarayya take riƙe da ita amana a madadinsu.

Hattara: akwai garin Cherokee, akwai kuma gundumar Cherokee, wadda babban garinta Murphy ne, tafiyar sama da awa guda daga inda kake nufi. Mutane da yawa sun kama ɗaki a Murphy saboda sun ga sunan a jikin otal. A taswirar waya rubuta Cherokee, NC 28719.

2. Takardu da dokar da ke aiki a wurin

Babu shinge, babu wata biza ta daban. Wanda ke cikin Amurka bisa ƙa'ida yana shiga Qualla kamar kowane gari. Wanda zai taso daga gida kuwa, biza ce farkon aiki. Tun 2025 Amurka ta tsaurara shigar 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan da Nijar da Najeriya, kuma sharuɗɗan na sauyawa. Kada ka biya kuɗin jirgi ko otal sai bizar ta shiga fasfo.

Ƙabilar na da gwamnatinta: babban shugaba da mataimakinsa, majalisa mai mutum 12, 'yan sanda da kotu. Cikin tafiyar minti goma a mota za ka iya ratsa ƙasar ƙabila, ƙasar jiha, da gandun dajin tarayya na Great Smoky Mountains, kowacce da dokarta.

Hattara: tun 2024 ƙabilar ke sayar da tabar wiwi ga duk wanda ya kai shekara 21, a shagonta da ke Qualla. Dokar ƙabila ce ta ba da wannan izini, kuma a iyakarta ya tsaya. A jihar North Carolina laifi ne, a gandun daji laifin tarayya ne. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, ko amsa cewa ya sha na iya jawo masa matsala a wajen hukumar shige da fice. Ɗalibi da mai bizar aiki su nisanci wurin gaba ɗaya, kuma kada su ɗauki kowa a motarsu da ita.

3. Zaɓen wata

Wannan matakin ne ke yanke abin da za ka gani, domin manyan wuraren al'ada biyu ba sa aiki duk shekara. Ƙauyen Oconaluftee, inda ake nuna wa baƙi zaman Cherokee na da, yana buɗewa daga wajen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Wasan kwaikwayon Unto These Hills, wanda ake yi a fili da dare tun 1950, daga ƙarshen Mayu ne zuwa tsakiyar Agusta. Mai son ganin duka biyun sai ya zo a Yuni, Yuli, ko farkon Agusta.

A makon 4 ga Yuli akwai babban taron raye-raye na powwow. A farkon Oktoba akwai Cherokee Indian Fair, bikin kaka da ya haura shekara 100 ana yi, kuma ga mai son ganin mutanen garin suna abinsu don kansu, babu kamarsa: gasar amfanin gona, baje kolin kwanduna, abincin gida, da wasan ƙwallon sanda. Sai dai Oktoba ne watan da ganyen tsaunuka ke rikiɗa ja da rawaya, mutane su yi dafifi, kuɗin ɗaki ya yi sama, titin gandun daji ya cunkushe. A kama ɗaki wata biyu ko uku kafin lokacin.

Daga Disamba zuwa Maris ɗakuna na araha, gidan tarihi da shagon ƙungiyar masu sana'a na buɗe, amma shaguna da yawa a kulle suke, kuma dusar ƙanƙara kan sa a rufe titin da ya haye tsauni ba tare da dogon gargaɗi ba.

Kafin ka tsayar da rana, duba jaridar ƙabilar, Cherokee One Feather, a intanet. Nan ake buga jadawalin taruka. Ka kuma tabbatar da ranakun hutun kowane wuri, domin ba a saba yin wasan dare ranar Lahadi ba.

4. Hanya da mota

Garin ba shi da filin jirgin fasinja, ba shi da tashar jirgin ƙasa. Filin jirgi mafi kusa shi ne na Asheville, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Daga Atlanta, inda jirgin Delta daga Legas ke sauka kai tsaye, kimanin kilomita 260 ne, awa uku. Daga Charlotte ma kusan haka.

Mota dole ce. Akwai bas ɗin Cherokee Transit a cikin gari, amma ba zai kai ka magangarar ruwa da kan tsauni a lokacin da kake so ba, kuma motocin Uber ba abin dogaro ba ne a nan. Kamfanonin haya na neman lasisin tuƙi mai aiki da katin banki na bashi da sunan direba, suna kuma ƙara kuɗi ga wanda bai kai shekara 25 ba. Ka ware dala 50 zuwa 90 a rana, ban da inshora da mai.

Daga Asheville bi I-40 zuwa yamma, ka fita a lamba 27 zuwa US-74, ka ci gaba har mafita ta 74, sannan US-441 zuwa arewa. Waya za ta iya nuna maka US-19 ta Maggie Valley da Soco Gap a matsayin gajerar hanya. Gajera ce a taswira, amma kwana ce bayan kwana a gefen tsauni, kuma yara kan yi amai. Baƙo ya bar ta sai da rana, bayan ya saba.

Hattara: a gangaren tsauni kada ka ɗora ƙafa kan birki har ƙasa. Birki na zafi ya daina kamawa. Sauke giya zuwa L ko 2, ka bar injin ya riƙe motar. Idan ka ji ƙaurin birki, tsaya a gefe ya huce. Ka cika tanki a gari, domin babu gidan mai a cikin gandun daji, kuma ka sauke taswira a waya tun akwai sabis.

5. Masauki da kasafi

Ginin da ya fi kowanne tsawo a garin otal ɗin gidan caca ne na Harrah's Cherokee, mallakar ƙabilar. An buɗe gidan cacar a 1997. An buɗe na biyu a Murphy a 2015. Musulmi ba shi da abin yi a ɗakin caca, kuma babu abin da ke cikin jagorar nan da ke buƙatar shigarsa. Amma ya kyautu baƙo ya san cewa shi ne ginshiƙin tattalin arzikin wurin. Rabin ribar ana raba wa 'yan ƙabilar da ke rajista, ana ajiye kason yara har su girma, sauran kuma ya tafi ayyukan gwamnatinsu, kamar sabon asibitin da aka buɗe a 2015 da makarantu da aikin raya harshe. Wannan ya sa kuɗin ɗakuna a garin ke bin jadawalin gidan cacar: daren da aka kawo babban mawaƙi, ƙaramin otal ma sai ya ninka farashi.

Akwai ƙananan otal a bakin kogin Oconaluftee, da ɗakunan katako na haya, da filayen kafa tanti a hanyar Big Cove. Iyali su nemi ɗakin katako mai kicin, saboda dalilin da ke mataki na 8. Ka ware dala 90 zuwa 200 a dare gwargwadon wata. Idan gari ya cika, Bryson City da Sylva da Maggie Valley duk cikin rabin awa suke.

Kuɗin shiga na babba ɗaya: wajen dala 15 a gidan tarihi, 25 a ƙauye, 35 zuwa 45 a wasan dare. Ana sake farashi kusan kowace shekara, kuma akan sami ragi idan an sayi tikitin ƙauye da na wasa tare, domin ƙungiya ɗaya ke gudanar da su. Farashin da ke jikin kaya bai haɗa da haraji ba. A Qualla harajin ƙabila ake biya, kusan kashi 7 da rabi cikin 100. A gidan abinci mai hidima ana ƙara wa ma'aikaci kashi 15 zuwa 20.

Hattara: asibitin ƙabilar na 'yan ƙabilu ne da farko. Asibitocin kowa da kowa suna Sylva da Bryson City, kuma jinya a Amurka ba tare da inshora ba tana iya cinye kuɗin tafiyar sau goma. Baƙon da ya zo daga waje ya sayi inshorar tafiya.

6. Ranar farko: kada a fara da kasuwa

Ka fara da gidan tarihi, Museum of the Cherokee People, da safe. An kafa shi a 1948, ya ɗauki wannan suna a 2023. Ba shi awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A 2022 ma'aikatansa suka janye kayan ibada da kayan da aka tono daga kaburbura daga idon jama'a, don haka idan wani tsohon hoto a intanet ya nuna abin da ba ka tarar ba, dalilin ke nan. Nan za ka fara gane rubutun da ke kan allunan titi, baƙaƙe 85 na harshen Cherokee da wani ɗan ƙabilar mai suna Sequoyah ya kammala ƙirƙira a 1821.

Tsallaka titi zuwa Qualla Arts and Crafts Mutual, ƙungiyar gama kai ta masu sana'ar hannu da aka kafa a 1946. Yau kallo kawai za ka yi. Ka shiga ɗakin da suke ajiye tsofaffin ayyuka, ka ɗaga kwandon sayarwa ka ji nauyinsa, ka karanta takardar da ke rataye a jiki, ka riƙe farashi a kai.

Bayan azahar sai ƙauyen Oconaluftee, inda aka sake gina zaman Cherokee na shekarun 1760. Masu jagora 'yan ƙabilar ne. Za ka ga ana tsaga gora, ana gina tukunya, ana fafe kwalekwale da wuta, ana harba kibiya da baki ta cikin bututun gora. Ka tsaya ka yi tambaya, don haka suke wurin. Hanyar ciki ƙasa ce da hawa da sauka, sai da takalmi mai rufi.

Wasan dare na farawa ƙarfe 8. A zo da rigar sanyi ko a Yuli ne, da rigar ruwa, domin filin ba rufi. Wasan ya ƙunshi korar 1838 da harbin bindiga, mai ƙananan yara ya yi la'akari.

Amfanin wannan jerin shi ne, kafin ka ciro walat, idonka ya riga ya ga aikin gaske.

7. Sayen kayan hannu

Dokar tarayya ta 1990, Indian Arts and Crafts Act, ta hana a sayar da kaya da sunan aikin ɗan ƙabila alhali ba shi ya yi ba. Hukuncin farko ga mutum ɗaya na iya kai tarar dala 250,000 ko ɗaurin shekara biyar. 'Yan kasuwa sun san dokar, shi ya sa suke wasa da lafazi. Takardar da ta ce “Native style” ko “Indian inspired” ba ta ce ɗan ƙabila ya yi ba. Ka juya kayan, sau da yawa za ka tarar da tambarin ƙasar da aka ƙera shi a gindi.

Akwai kuma abin da na 'yan asalin Amurka ne amma ba na Cherokee ba. Hular gashin tsuntsu mai sauka har baya da tanti mai tsini na ƙabilun filayen yamma ne. Zoben raga mai gashin tsuntsu da ake ratayewa a mota daga Ojibwe ya samo asali. Azurfa mai shuɗin dutse aikin kudu maso yamma ne, irin su Navajo da Zuni. Masu tsayawa a bakin titi da hular gashin tsuntsu ana ɗaukar hoto da su suna neman abincinsu ne, sana'a ce da ta daɗe a garin. Idan ka ɗauki hoto ka biya, amma ka san ba shigar Cherokee ba ce.

Na Cherokee na gaske kwando ne, da tukunya, da sassaƙa, da saƙar yatsa, da aikin duwatsun ado.

Kwando ya fi kowanne daraja. Ana yin sa da gorar bakin kogi, ko farin itacen oak, ko maple, ko wata kuranga mai suna honeysuckle. Na oak, masaƙiya kan sari ƙaramar bishiya, ta tsaga ta bi layin shekarunta, ta kankare kowane sili da wuƙa. Saboda haka faɗin silin ba ya zama daidai sak kamar na inji. Mariƙin sassaƙa shi ake yi a sarƙafe, ba ƙusa, ba gam, ba ƙarfen maƙala takarda. Rinin daga saiwa da ɓawo yake: bloodroot na ba da ruwan lemo mai ja, walnut ruwan ƙasa, butternut mai duhu kusan baƙi, yellowroot rawaya. Launi mai ƙyalli irin na kanti a jikin tsohon salo abin tambaya ne.

Mafi tsada shi ne kwandon gora mai saƙa biyu. Masaƙiya na farawa daga gindin ciki, ta haura har baki, ta lanƙwasa silin ba tare da ta yanke ba, ta sauko ta waje har ta rufe gindi na biyu. Kwando biyu ne a jikin juna. Yadda za ka gane shi: santsin bayan gora na bayyana ciki da waje, kuma ba ka ganin bakin sili ko ɗaya. Wannan saƙa ta kusa ɓacewa a ƙarni na 20, mata kaɗan suka riƙe ta, cikinsu har da Eva Wolfe, wadda ta sami lambar girmamawa ta ƙasa a 1989. Gorar kanta ta yi ƙaranci, domin noma da kiwo sun cinye mafi yawan kurminta. Ƙaramin kwandon kuranga ko na oak na farawa daga gomman daloli zuwa ɗaruruwa. Mai saƙa biyu daga ɗaruruwa ne zuwa dubbai. Idan an tallata maka shi a dala 40, ba shi ba ne.

Tukunya da hannu ake gina ta, ba a kan faifan juyi ba. Ana buga mata zane da katako mai sassaƙa tun tana ɗanya, a goge ta da dutse, a gasa da itace. Baƙin hayaƙi a jikinta ba aibi ba ne. Layin haɗi a gefe kuwa alamar an zuba ta ne a mazubi.

Sassaƙar dabbobi, musamman beyar (dabbar dajin da ake kira bear) mai santsi, ta shahara ta hannun Amanda Crowe, wadda ta shafe kusan shekara 40 tana koyarwa a makarantar sakandaren garin. Ana amfani da walnut da cherry da buckeye. Ka duba gindi, masassaƙi kan sa hannu. Abin da aka zuba da roba ya fi sanyi a hannu, kuma za ka ga goma iri ɗaya sak a kan kanta.

Kafin ka biya, tambayi sunan wanda ya yi da ƙabilarsa, ka ce a rubuta a rasit. A shagon ƙungiyar kowane kaya na da takarda mai sunan mai shi da abin da aka yi shi da shi. Kada ka cire ta.

Hattara: ba a tayi. A shagon ƙungiya da na gidan tarihi farashi a yanke yake. A rumfar mai sana'a a wurin biki ma, tayin rabin kuɗi irin na kasuwar Kurmi raini ne ga wadda ta yi makonni kan kwando ɗaya. Idan ya fi ƙarfinka, tambayi ko akwai ƙarami.

Hattara ta biyu: kada ka sayi komai mai gashin gaggafa, shaho ko mujiya. Dokar tarayya ta hana saye da sayar da su, kuma a filin jirgi kai za a kama da shi.

8. Abinci da salla

Abincin gida da za ka ci karo da shi: burodin wake, wanda garin masara ne da wake da ake naɗewa a ganye a dafa, da na chestnut a lokacin kaka, da soyayyen burodi, da ganyen daji irin su sochan da ramps a farkon bazara.

Hattara: a girkin tsaunukan nan kitsen alade kamar gishiri yake. Ana zuba shi kan burodin wake, ana dafa ganye da kabeji da wake da shi, ana iya soya burodi da shi. Kwanon da babu nama a kansa ba ya nufin babu alade. Tambayi kai tsaye ko akwai lard, fatback ko bacon, waɗannan ne sunayen da mai girki zai gane. Gasasshen kifin trout shi ne mafi sauƙin zaɓi, bayan ka tambayi man da aka yi amfani da shi. Naman halal sai a taho da shi daga Atlanta ko Charlotte a akwatin ƙanƙara.

Masallaci mafi kusa da za a dogara da shi na Asheville ne, don haka mai son Juma'a ya tsara ranar a can. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. A Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 9 saura, wato magariba na riskar ka a tsakiyar wasan dare. Ka shiga da alwala, ka zaɓi kujerar bakin layi.

9. Rana ta biyu: daji da tsauni

Gandun dajin Great Smoky Mountains na farawa daga bakin garin. Shi ne gandun da aka fi ziyarta a Amurka, wajen mutum miliyan 12 a shekara. Shiga kyauta ne, amma tun Maris 2023 duk motar da za ta tsaya fiye da minti 15 sai da takardar ajiye mota: dala 5 a rana, 15 a mako, 40 a shekara. Ana sayenta a cibiyar baƙi ta Oconaluftee, kilomita uku daga gari, ko a intanet, amma sai an buga ta a takarda an ajiye a gaban gilashi. Hoton waya ba ya wadatarwa.

Ka tashi da wuri ka haura titin US-441 zuwa Newfound Gap, sannan ka karkata zuwa Kuwohi, tsauni mafi tsawo a gandun, mita 2,025. A 2024 aka mayar masa da sunansa na Cherokee bisa buƙatar ƙabilar, tsofaffin taswirori na kiransa Clingmans Dome. Daga wurin ajiye mota akwai tafiyar mita 800 a ƙafa, hawa ne mai wuya sosai. Titin a rufe yake daga Disamba zuwa ƙarshen Maris. Sama ta fi gari sanyi nesa ba kusa ba.

Magangarar ruwa ta Mingo, mai tsawon kusan mita 36, tana ƙasar ƙabila a hanyar Big Cove, ba ta buƙatar takardar mota. Matakala kusan 160 ce kafin a kai. Kada a hau duwatsun gefen ruwan, santsi gare su.

Hattara: da sassafe da yamma manyan barewar da ake kira elk na fitowa filayen cibiyar baƙi, har cikin gari. Namijin na haura kilo 300. Doka ta hana kusantar su, ko kusantar beyar, ƙasa da mita 46. A Satumba da Oktoba mazan na barbara suna kai hari, a Mayu da Yuni matan na tsaron 'ya'ya. Kada a ba su abinci, kada a bar abinci a waje da dare. Tsinkar ganye ko haƙar saiwa a gandun laifi ne. Izinin tsinkar sochan da aka bayar a 2019 na 'yan ƙabilar ne kaɗai.

A hanyar Bryson City, bakin kogin Tuckasegee, akwai Kituwah, wurin da Cherokee ke ɗauka uwar garuruwansu, wanda ƙabilar ta saye ta dawo da shi hannunta a 1996. Tudun ba shi da tsawo, baƙo zai iya ɗaukarsa gona. Ba a hawa kansa, ba a ɗaukar ko tsakuwa.

10. Idan za a yi fatsa

Ƙabilar na zuba kifin trout a kusan kilomita 48 na rafukanta, kuma izininta ake saye, ba lasisin jiha ba. Na yini ya daɗe a kan dala 10, ana samunsa a intanet da shagunan gari. Iyaka kifi 10 a rana. Yaron da bai kai 12 ba yana bin izinin babban da ke tare da shi. Ana rufe kamun na tsawon mako biyu a Maris kafin buɗe sabuwar kakar kamun kifi. Wani yanki na rafin Raven Fork an keɓe shi ga masu ƙugiyar ƙuda ta roba, a kama a saki, da ƙarin izini na daban.

Hattara: kuskuren da aka fi yi shi ne bin rafi har a tsallaka cikin gandun daji. Can izinin ƙabila ba ya aiki, sai lasisin North Carolina ko Tennessee, an hana tana da duk wani abincin ƙugiya na gaske, iyaka kuma kifi biyar. Ka lura da alluna.

11. Ladabi a taro

A powwow, saurari mai sanarwa. Zai faɗi lokacin da za a miƙe tsaye, da lokacin da ba a ɗaukar hoto. Idan mai rawa na hutawa a gefe, nemi izini kafin ka ɗauke shi, kuma kada ka taɓa kayan jikinsa. Taron na ƙabilu da yawa ne, ba duk abin da ka gani ne na Cherokee ba. Raye-rayen ibada nasu a keɓe ake yi, ba a zuwa sai da gayyata.

Wasan ƙwallon sanda a bikin Oktoba ba sulke, ba takalmi, kokawa da gudu ne har ɓangare ɗaya ya ci 12. Ka tsaya bayan layin 'yan kallo, domin 'yan wasa kan faɗo cikin jama'a. Kada ka taɓa sandunansu, kada ka bi su bakin ruwa da kyamara.

Tambayoyi biyu da ba a yi: nawa mutum ke samu daga rabon kuɗin caca, da kashi nawa na jininsa Cherokee ne. Unguwanni irin su Big Cove da Wolftown da Birdtown gidajen mutane ne, ba a shiga hanyar gida ko maƙabarta don hoto. Gaisuwa siyo ce, godiya sgi. Masu jin harshen sosai a nan ba su kai 200 ba, yawancinsu dattawa, don haka kada ka matsa wa matashi ya yi maka magana da shi.

12. Kai kaya gida lafiya

Kwando da tukunya a jakar hannu suke tafiya. Cika cikin kwando da tufafi masu laushi don kada ya lotse, kuma kada a ɗauki mai nauyi ta mariƙi. Tukunya a naɗe ta da tawul, a cika cikinta ita ma. Rasit da takardar mai sana'a su zauna tare da fasfo, saboda jami'an kwastan.

Tukunyar ba ta da rufin gilashi, ruwa na ratsa ta, kada a zuba mata ruwa ko a ɗora ta kan wuta. Kwando ba a shafa masa fenti ko man ƙyalli, ba a wanke shi da sabulu, burushi mai laushi ya isa. Wanda zai kai shi Kano ko Damagaram ya kula da hunturu: bushewar iska na sa sili ya karye, sassaƙa ta tsage. A ajiye su cikin kabad mai gilashi, nesa da taga da rana, a ɗaga su daga ƙasa da jikin bango saboda gara, a riƙa dubawa da damina saboda fumfuna.